Layim kaɗai zai iya gyara ruwan dattin kamfanin fata?

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ina aiki ne a wani ƙaramin kamfanin jimar fata a Sharaɗa, ni aka ɗora wa kula da ramin da ruwan datti yake taruwa kafin a sake shi kwata. Oga ya ce kullum da safe in dinga farke buhun layim biyu ina zazzagewa a ramin, wai shi kenan ya kashe dafin. Wata rana ruwan ya washe, wata rana kuma ya fito kore-kore, ga warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai har yau bai daina ba. Don Allah layim ɗin kaɗai ya isa, ko ƙara yawan buhunan zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi albarka. Wallahi tambayarka ta faranta min rai, don mutane da yawa da aka ɗora wa wannan aikin ba ruwansu, su dai su zazzage buhu su karkaɗe hannu su tafi. Kai kuma ka tsaya ka kalli ruwan har ka lura kalarsa tana canzawa. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, ko layim shi kaɗai yana tsarkake ruwan, da kuma ko ƙarin buhu zai magance koren da warin. Duka biyun amsar a'a ce, kuma ƙarin buhun ma zai iya jagula maka lamarin. Amma fa ogan naka bai yi kuskure ba da ya zaɓi layim, kayan aiki ne mai kyau kuma mai araha, yadda ake zuba shi ne bai yi ba.

Don masu karatu da ba a harkar suke ba, layim ɗin nan ba lemon tsami ba ne. Farin garin nan ne da ake samu in an ƙona dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Obajana ta Kogi ana yin siminti. In aka gasa dutsen da wuta mai zafin kusan digiri 900 sai iskar kabon ta fice a bar ɗanyen layim, wanda in ka zuba masa ruwa zai ɗau zafi har ya tafasa. Kilo 56 na ɗanyen yana shanye kilo 18 na ruwa ya koma kilo 74 na jiƙaƙƙen layim, to wannan jiƙaƙƙen shi ne garin da yake zuwar muku a buhu, shi kuke sa wa fata tare da sinadarin salfayid a zubar da gashi. Kuma shi ne dai farin dagwalon da yake saura a wajen masu walda bayan kabayid ya gama ba da gas.

Abin da layim yake yi a cikin ruwan

Aikinsa na farko kashe tsami ne. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami ne irin na asid, sama da ita kuma kaifi ne irin na toka da kanwa. Ruwan da yake fitowa daga gangar kurom, wato sinadarin ƙarfen nan da ake jima fata da shi, bayan an gama jima yawanci yana wajen 3.5 zuwa 4, kuma a wannan tsamin kurom ɗin narkakke ne a cikin ruwan kamar yadda sikari yake narkewa a shayi, ko ka tace da ƙyalle ba abin da za ka kama. Da ka sa layim pH ya hau zuwa wajen 8 ko 8.5 sai kurom ɗin ya kasa zama a narke, ya dunƙule ya zama gudaji-gudaji masu launin kore da shuɗi-shuɗi, su kwanta a ƙasa. Wannan shi ne babban amfanin layim, yana fitar da ƙarfe daga cikin ruwa ya mayar da shi laka. Yana kuma taimakawa sauran dattin da yake yawo, su kitse da ɓurɓushin nama da gashi, su haɗe su nutse tare.

To ga inda buhu biyun nan yake ba ka matsala. Kurom yana da wani hali, in pH ya wuce gona da iri, ya haura 10 ya doshi 12, wani kaso na abin da ya kwanta yakan sake narkewa ya dawo cikin ruwan. Layim kuwa in ya cika ruwa har wajen 12.4 yake kai shi. Kenan koren da kake gani zai iya zama daga ɗayan biyu, ko dai ranar an sauke gangar kurom da yawa buhu biyun bai isa ba, ko kuma ranar ruwan cire gashi ne ya fi yawa a ramin, wanda dama can a cike yake da layim, kai kuma ka zo ka ƙara masa. Da ido ba ka isa ka bambance ba. Ruwan kamfani ba iri ɗaya yake fitowa kullum ba, na Litinin daban na Alhamis daban, na bayan Babbar Sallah da fata take yawa ana aiki dare da rana daban, to ta yaya za a ce maganin kullum buhu biyu?

Sannan zazzage garin a busasshe asara ce tsagwaronta. Layim ba ya narkewa sosai, lita ɗaya ta ruwa ko giram 2 ba ta iya narkarwa. Na taɓa zuwa wani kamfani a Chalawa suna kukan layim ba ya musu aiki, wai an sayar musu da jabu. Na sa aka kawo doguwar gora na caka a kusurwar da suke zubawa, gorar ta tsaya cak a kan wani abu mai tauri. Da aka janye ruwan sai ga tudun layim fari fat ya daskare kamar siminti, samansa kawai ya ɗan yi kore, da muka fasa da diga cikinsa ko jiƙewar kirki bai yi ba. Watanni suna sayen buhu suna binnewa a ƙasan rami. Abin da ake yi shi ne a dama shi a ganga daban, kamar kilo 5 zuwa 10 a lita 100 ta ruwa, ya zama kamar farin koko mai ruwa-ruwa, ana juyawa ba tsayawa don da ka bar shi zai kwanta, sannan a dinga sakinsa kaɗan-kaɗan a wajen da ruwan dattin yake motsi.

Maganar warin nan, don Allah ka karanta nan da kyau

Nan ne nake jin tsoro a kanka. Warin ruɓaɓɓen ƙwan nan iskar haidurojin salfayid ce, daga salfayid ɗin da kuke cire gashi da shi. Muddin ruwan cire gashi yana da kaifi, pH sama da 10, salfayid ɗin yana zaune a cikin ruwan. Da zarar ruwa mai tsami ya same shi, wato ruwan gishiri da asid da ake jiƙa fata kafin jima ko ruwan kurom, sai pH ya faɗo, salfayid ya zama iska ya taso. A pH 7 kusan rabinsa ya riga ya koma wannan iskar. Tunda rami ɗaya ka ambata, na san duk ruwan a nan yake haɗuwa, kenan kullum kuna dafa wannan iskar da hannunku ba ku sani ba.

Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami da cikin kwalbati take kwanciya. Kuma mugun halinta shi ne in ta yi yawa, daga wajen kaso 100 cikin miliyan zuwa sama, tana kashe jin warin hanci, sai mutum ya ɗauka warin ya tafi alhali lokacin ne ta fi haɗari. Mutum yakan shiga rami yashe dagwalo ya yanke jiki ya faɗi, ɗan'uwansa ya diro ceto shi ma ya faɗi, haka ake rasa mutum biyu uku a lokaci guda a masana'antun fata a ƙasashe da dama. Kar ka kuskura ka shiga ramin nan, kar ka bari a tura yaro ko lebura ya shiga, ko da an ce an janye ruwan, don motsa dagwalon ma kaɗai yana sako iskar. Takunkumin hanci na ƙyalle ba ya tare ta ko kaɗan.

Layim zai iya danne warin na ɗan lokaci tunda yana ɗaga pH, amma bai kashe salfayid ɗin ba, ɓoye shi kawai ya yi. In ruwan ya fita kwata ya haɗu da wani ruwan pH ya sauka, can a unguwar mutane zai saki warin. Maganinsa na gaskiya shi ne a ware ruwan cire gashi a tankinsa shi kaɗai, a dinga hura masa iska da injin na wasu awanni tare da ɗan sinadarin manganis salfet, iskar ta cinye salfayid ɗin. Wasu kuma suna amfani da feros salfet ya kama shi ya kwantar, sai dai ruwan yakan yi baƙi ƙirin kuma dagwalo ya ƙaru.

Shi ya sa ni duk inda na je, kafin in yi maganar kemikal ko ɗaya, sai na fara bin kwatocin cikin kamfani da ƙafa ina duba wace ganga ce take zuba ina. Raba ruwan gida uku, na kurom daban, na cire gashi daban, sauran na wanki da jiƙo daban, shi ne rabin aikin, kuma bulo da siminti da bututu kawai yake ci. In ka ware ruwan kurom za ka ga ashe ba shi da yawa, layim kaɗan zai ishe shi. Har ma in kamfanin yana so zai iya dawo da kurom ɗin ya sake jima da shi, tunda a jimar da aka saba fata kaso 60 zuwa 70 cikin ɗari kawai take sha, sauran duk kwata yake bi, kuɗi ne ake zubarwa. Amma in dawo da shi ake so ba layim ake sawa ba, magnisiyom oksayid ya fi, don lakarsa tana kwanciya da nauyi a dunƙule, sai a narkar da ita da asid a mayar ganga. Layim yana haɗuwa da salfet ɗin cikin ruwan ya haifar da jifsom, sinadarin nan da ake yin POP da shi, ya cakuɗe da kurom ɗin ya ɓata shi.

Yadda za ka gano adadin da ya dace

Daga nan inda nake ba zan ce maka zuba kilo kaza ba, duk wanda ya yanke maka adadi bai taɓa ruwan ba kar ka saurare shi. Amma kai da kanka za ka iya ganowa da kayan da ba su da tsada. Nemi takardar gwajin pH ko ƙaramar mitar nan mai kama da biro a wajen masu sayar da kayan lab, sai sirinji, sai robobin ruwa guda shida ka yanke kawunansu. Ka dama giram 100 na layim a lita ɗaya ta ruwa, kowane mil ɗaya, wato mililita ɗaya a sirinji, na wannan damun yana ɗauke da wajen giram 0.1 kenan. Zuba lita ɗai-ɗai ta ruwan dattin a kowace roba, ta farko ka sa mil 5, ta biyu 10, ta uku 15, haka har ta shida, kana girgiza damun kafin kowane ɗiba. Juya kowacce da ƙarfi kamar minti ɗaya, sannan a hankali kamar minti goma sha biyar, sai ka bar su su huta awa ɗaya. Ka jera su a inda haske yake ka tsuguna ka kalla. Za ka ga wata har yanzu kore ce, wata ta rabu biyu sama garau ƙasa laka, wata kuma ta yi fari-fari kamar tsala. Gwada pH ɗin kowacce. Wadda ta washe kuma pH ɗinta yana tsakanin 8 da 9 ita ce taka. In misali mai mil 20 ce, giram 2 kenan a lita, tankin lita 10,000 zai ci kilo 20.

Ka yi haƙuri da layim, ba ya aiki nan take kamar kostik soda. In ka zuba ka gwada a take za ka ga pH bai motsa sosai ba, ka ƙara, bayan minti ashirin ka dawo ka tarar ya wuce 11. Ma'aunin kuma ba kamar tsani yake ba, kowane taki ɗaya ninki goma ne, sannan daga 4 zuwa 6 zai ci layim da yawa amma daga 8 zuwa 11 ɗan kaɗan ya isa ya tsallakar da kai. In gudajin sun yi ƙanana sun ƙi kwanciya, ɗan alif ko folima, wani sinadarin dunƙule datti, yana haɗe su. Kuma ka dinga rubutawa a littafi kullum, kwanan wata, aikin da aka yi ranar, kilo nawa ka sa, pH nawa ya fita. Wata ɗaya in ka yi haka za ka fi kowa a kamfanin sanin ruwan nan.

Wasu za su ce maka ka bar layim ka koma kostik soda. Gaskiya kostik tana narkewa tas, ba ta toshe bututu, dagwalonta kaɗan ne. Amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana saurin wuce iyaka, tana ƙara wa ruwan sodiyom wanda yake kashe ƙasar noma, kuma lakarta ba ta kwanciya da kyau kamar ta layim. Ni dai ga ƙaramin kamfani irin naku layim nake zaɓa. Ka dai kula da ajiya, buhun da aka bari a buɗe yana shan iska a hankali yake komawa dutsen da ya fito, musamman da damina, sai ka ga gari fari amma ba ƙarfi. Ka sa tabarau da safar hannu in za ka dama, layim in ya faɗa ido yana iya makantarwa, in tsautsayi ya faru a yi ta wankewa da ruwa mai yawa aƙalla minti ashirin sannan a wuce asibiti.

Abin da layim ba zai taɓa yi maka ba

Gishiri. Duk gishirin da aka barbaɗa wa fata tun daga kasuwa da wanda kuka ƙara a ganga, yadda ya shiga haka zai fita, layim ba ya taɓa shi, gara ma a dinga karkaɗe gishirin a busasshe kafin a jiƙa fatar. Dattin da ya narke daga jikin fatar, su jini da furotin, layim yana rage wani kaso ne kawai, sauran sai an bi da ruwan ta tafkunan da ƙwayoyin halitta suke cinye shi ana hura musu iska, su kuma ƙwayoyin nan ba sa rayuwa a ruwa mai kaifi, sai pH ya dawo kusa da 7 zuwa 8. Tsara wannan matakin sai an zo an auna yawan ruwanku da filin da kuke da shi, ba aikin da za a yi a rubuce ba ne. Sannan ga masu karatu da suke harkar shafa wa ƙarfe kurom, naku kurom ɗin nau'in da ake kira mai lamba 6 ne, mai launin rawaya, ya fi na majema mai lamba 3 dafi sosai kuma yana jawo kansa, shi layim ba ya kwantar da shi sam sai an fara sauke pH zuwa 2 ko 3 an juya shi da sodiyom metabaisalfayit ya koma mai lamba 3. Sauran ƙarafa ma kowanne da inda yake kwanciya, zinki wajen 9 zuwa 10, nikel sai an haura 10.

Sai dagwalon, wanda shi ne abin da ya fi damuna a garin nan. Kurom ɗin da ka fitar daga ruwa bai ɓace ba, yana nan a cikin lakar. Na sha ganin kamfani ya yi ƙoƙari ya kwantar da laka, sannan a sa leburori su kwashe ta a jibge a bayan katanga, ruwan sama na farko ya wanke ta ya mayar kwata, wahalar ta tashi a banza. A yi mata gadon shanya, ƙasa siminti, sai tsakuwa, sai yashi a sama, ranar Kano cikin 'yan kwanaki za ta busar da ita ta tsattsage, ruwan da ya tsiyaye a mayar da shi tanki, busasshiyar a zuba a buhu a ajiye ƙarƙashin rufi har a kai inda hukuma ta amince. Kar a ba manoma ita da sunan taki, na san yadda manomanmu suke son shara da taki kuma za su karɓa da murna. Kar kuma a cinna mata wuta, ita ko ɓurɓushin fatar da aka kankare bayan jima, don kurom mai lamba 3 in ya haɗu da wuta da iska ga layim a jikinsa yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba 6.

Kai da kake Sharaɗa, ruwan da ka saka ta Salanta yake bi ya faɗa kogin Chalawa, shi kuma ya gangara ya haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa inda matatar ruwan shanmu take. Na Bompai kuma Getsi yake bi ya shiga Jakara har dam ɗin Wasai, kuma duk wanda ya bi gefen rafukan nan da rani ya ga injinan ban-ruwa a jere suna zuƙa ana shayar da latas da kabeji da alayyahu da karas, washegari suna kasuwa, jibi suna cikin kwanon 'ya'yanmu. Ni abin nan yana tsaya min a rai duk sanda na wuce. Doka ma tana nan, tun ƙa'idar 1991 an ce ruwan da masana'anta za ta saki pH ɗinsa ya kasance tsakanin 6 da 9, an kafa NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli ta ƙasa, a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da masana'antun fata da takalma. Ruwan da aka ɗura wa layim ya kai 12 shi kansa ya karya doka ko da ya fito garau kamar na randa.

In za ka tunkari oga kar ka fara da maganar doka, ka fara da robobin nan shida, ka jera masa su a kan tebur ya gani da idonsa, ka nuna masa kilo nawa ake buƙata da kilo nawa ake zubarwa. Daga nan ka roƙi a raba kwatar kurom da ta cire gashi, sannan a ɗebi ruwan da yake fita a kwalba mai tsabta, a cika ta har baki a rufe, a sa a cikin kula mai ƙanƙara a kai lab a ranar, ko a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken fata ta NILEST da take Samaru a Zariya, a auna kurom da salfayid da gishiri. In sakamakon ya fito ka turo min lambobin tare da abin da ka rubuta a littafinka, sai mu duba mataki na gaba tare in sha Allah.